Ranar da jirgina ya faɗa gidan mutane

Shekarun baya, ina tsakiyar sana'ar ɗaukar hoton biki, na ga tallar wani sabon diron, ɗan jirgin nan mai kyamara da ake tuƙawa daga ƙasa. Wai da kansa yake kauce wa itace, in ya ɓace maka kuma ya dawo inda ya tashi. Kamfanin bai ma fara sayarwa ba na matsa wa abokina mai odar kaya ya sa ni a layi.

Ya ce, "Ka bari na farkon su fito mu ga halinsu mana."

Na ce ai ni nake son zama na farko a Katsina.

Aka yi ta ɗaga ranar fitowarsa, har abokan sana'a suka laƙaba mini direban jirgi. Ranar da ya iso, ana idar da la'asar na nufi Gobarau, wai zan ɗauko hasumiya daga sama.

Ya tashi lafiya lau. Idona na kansa, sai da ya haye rufin gidaje na duba wayata, na ga hoton da yake turowa ya ƙame. Na danna maɓallin dawowa, na sake dannawa, ko a jikinsa. Ina kallo ya karkata ya faɗa wani gida. Sai ihun mata.

Ba jirgin nake ji ba. Kyamara ce na jefa tsakar gidan mutum, cikin iyalinsa.

Na yi sallama a zaure. Maigidan, wani Alhaji dattijo, ya fito riƙe da jirgin ta fiffike ɗaya kamar mushen kaza. Na durƙusa na jero gaisuwa, ya katse ni.

"Malam, mi ka ɗauka cikin gidana?"

"Wallahi Baba, kuskure ne."

"Ba shi na tambaye ka ba. Nuna mani."

Kafin in sauke bidiyon daga jirgin zuwa wayata in buɗe, maƙwabta sun cika ƙofar gida. Farko ga takalmina, ga fuskata na wage baki ina kallonsa. Daga nan sai sama. Ashe yana tashi kyamarar ta kafe tana duban gajimare, har ya faɗi kan igiyar shanya. Alhaji ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar.

"To kai girgije ka zo ɗauka?"

Wurin ya kaure da dariya, har da ni. Ya yi mini faɗa sosai, sannan ya sa aka kawo mini ruwa.

Daga baya kamfanin ya amsa cewa rukunin farko duk da matsala suka fito, aka musanya mini. Sabon na kai shi fili bayan gari na gwada har na gaji kafin ya kusanci gidan kowa.

Yanzu in na ga talla tana cika baki, nakan bar masu gaggawa su fara. Amma har yau, cikin duk kayan aikin da na taɓa saya, wannan ne kaɗai na gode wa Allah da ya lalace.