Jiya Mai Faranti da Hucin Rana

A Maitumbi, in ka ce wa mai keke ya kai ka gidan Jiya, sai ya tsaya tunani. Amma ka ce gidan mai faranti, har ƙofa zai sauke ka.

Shekara talatin da biyu Jiya ya yi yana hawan turakun sadarwa, kuma ritaya ba ta zaunar da shi ba. Mutum ne da ko shayi a tsaye yake sha. Yana da lasisin rediyo irin na masu sha'awa, waɗanda ke hira da juna daga ƙasa zuwa ƙasa ta tauraron ɗan'adam. A bayan gida ya kafa wani ƙaton farantin kama sigina a kan turken ƙarfe, ya zana lambobin digiri da fenti a gindinsa, ya sa ɗan tsinke da ke nuna inda farantin ya fuskanta.

Iskar farkon daminar bana ta murɗe turken. Bai faɗi ba, ya dai goce kaɗan, amma sai muryoyin abokan hirarsa suka ɗauke ɗif. Ya mayar da tsinken kan lambar da ya saba, shiru. Lambobin sun daina faɗin gaskiya.

Kwana tara gidan bai huta ba. Ya ɗauko kamfas mai nuna arewa, allurar ta riƙa karkata wajen kwanon rufi da ƙarfen tankin ruwa. Ya so ya gwada da inuwa, sai ga hadari kullum a sama, ga kuma yanar da ta fara rufe masa idon dama. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya zagaya turken, ya koma. Da matarsa Rifkatu ta kawo masa doya, sai ya ci loma biyu ya miƙe.

"Baban Dorothy, ka zauna mana," in ji ta. "Kaji ma sun gaji da kai."

"In zauna in yi me?"

Ranar Talata da hantsi yana juya farantin ba tare da wata niyya ba, rediyon na kunne a kan benci, sai ya ji shuuu ɗin da ke fita ya ɗan ƙaru, sannan ya sauka. Ya tsaya cak. Ya dawo da farantin a hankali, ƙarar ta sake tashi. Nan ya tuna abin da wani tsohon ogansa ya taɓa faɗa musu a wurin aiki, cewa rana ma tana da nata hucin a rediyo, kuma gajimare ba ya tare shi.

"Maman Dorothy! Kawo wayarki, yi sauri!"

Ta fito hannunta duk kumfar wanki. Ya sa ta buɗe manhajar da 'yarsu Dorothy ta saka mata, mai nuna inda rana take a kowane minti.

"Ga yadda za mu yi," ya ce. "Zan juya har in ji hucin ya kai ƙarshe. Wurin nan rana take. In na ce yanzu, ki karanta mini lambar waya, ki karanta ta gindin turke."

"Rana fa ba ta fito ba."

"Tana nan. Ni ina jin ta."

Karon farko ta tsaya goge hannu a zani, kafin ta karanta rana ta gusa. Ya yi tsaki. Karo na biyu injin markaɗen maƙwabta ya tashi, bai ji komai ba, ya riƙa kai da komo har aka kashe. Ya sa abin sauraro a kunne, ya rufe idanu duka biyun, ya dafa bakin farantin yana tura shi kamar mai tsoron kada ya farka.

"Yanzu!"

"Waya ta ce tamanin da ɗaya. Naka ya ce tamanin da takwas."

Suka sake sau uku, bambancin bai canja ba, digiri bakwai. Ya kwance tsinken da sifana, ya matsar da shi, ya ɗaure, sannan ya juya farantin zuwa lambar tauraron. Yayyafi ya fara sauka. Cikin rediyon wata murya ta fito tar, wani mutum daga Kenya yana neman mai amsawa.

Jiya ya ba da lambar kiransa. Rifkatu ta zauna a bakin bencin, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka ce masa ni na karanta," ta ce.

Ya faɗa, mutumin ya yi dariya ya gaishe ta.

Hirar ba ta wuce minti huɗu ba. Yana ajiye makirufo ya girgiza turken da hannu, ya ji yana motsi a ƙasa.

"Wata iskar za ta sake juya shi. Bari in je Tunga wajen Badaru mai walda, a yi masa ƙafafu uku."

"Cikin ruwan nan?"

Kafin ta samo masa lema, ya riga ya kai bakin titi yana ɗaga wa mai keke hannu.