Jijiyar Da Na Yi Ta Murzawa

Yaya Asabe, jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu bakina ɗaci yake. Ke kin san fassara, ni ban sani ba. Ki karanta har ƙarshe, kada ki ce min "alheri ne" tun ban gama ba.

Kin dai san halin da muke ciki. Ƙafar Baban Hadiza ta hagu ta yi baƙi daga yatsu har idon sawu. Likita ya ce jini ba ya sauka, sai an yanke. Shi ya juya fuska bango, ya ce duk abin da na yi daidai ne. Takardar amincewa a yanke tana cikin jakata, ran Alhamis ake so in sa hannu.

To, sai na gan ni a ajinmu na yaƙi da jahilci, amma babu benci, sai tebura irin na mahauta inda Baban Hadiza ya shekara talatin yana fawa. Hoton nan da Malama ta rataya mana, na mutumin da ba shi da fata, yana bango. Rabinsa jar tsoka, rabi farin ƙashi, ga zare ja da shuɗi sun bi jikinsa ko'ina. Sai kawai ya sauko. Yana ɗingishi. Ina ganin ɗingishin na san ko waye.

Ya zauna ya miƙo min ƙafa yadda ya saba. Na lakato man zafi na hau murza. Ina murzawa tsokar tana zamewa, har ƙashin ƙwauri ya fito fari tas, ko tsagewa babu. Sai muryar Malama daga rufin ɗaki: "Ladi, wace jijiyar kike murzawa?" Na ci gaba da murzawa.

Wannan tambayar, Yaya, ba ta mafarki ba ce kawai. Bara da ya fara kukan ƙafa, a asibiti suka ce matsalar jijiya ce, mu dawo a duba. Ni matar mahauci jijiya ɗaya na sani, farar nan mai tauri da nake cirewa daga nama. Na ce wannan ai murza ce maganinta. Na hana a koma. Wata takwas ina murzawa ina gasawa da ruwan ɗumi, duk wanda ya ce asibiti in ci masa mutunci, har ke ban bari ba. Sai watan jiya Malama ta nuna mana akwai wata jijiyar daban, wadda jini ke bi daga zuciya ya zaga jiki ya dawo. In ta toshe, nama ya mutu.

A mafarkin dai, sai kawai na gan ni cikin jan zaren nan, ya zama lungu, jini ya kawo min gwiwa. Can sama ana ta daka, dum, dum, na san zuciyarsa ce. Na bi gangara. Lungun yana tsukewa, jinin yana janyewa, ya dawo idon sawu, ya dawo laka, ya ƙafe. A gabana katanga ta daskararren kitse. Na sa farce ina tono, ina jin sa a bayan katangar yana kiran sunana a hankali. Na amsa da iya ƙarfina, bai ji ba.

Sai kawai ga takardar a cinyata, biro a hannuna. Na rubuta L, sai na ga ba biro ba ne, wuƙarsa ce ta fawa. Hannuna bai tsaya ba. Ga A, ga D. Ina kaiwa harafin ƙarshe na sunana dakan nan na sama ya yi shiru.

Na farka ana kiran assalatu, yatsuna a dunƙule. Shi idonsa biyu. Ya ce, "Yau ba za ki shafa min man ba?"

Na shafa masa, Yaya. Me zan ce?

Shekara hamsin ina dangwala yatsa, da na iya rubuta sunana sai a kan wannan takarda. Ki gaya min tsakani da Allah: shirun nan da dakan ya yi, don na sa hannu ne, ko don na makara?