Matar da Ba Ta Ƙifta Ido

A wani asibitin birnin Penang na Malesiya da ake binciken bushewar ido, ina layi bayan wata mata mai rigar masana'anta. Idanunta jajur, fuskarta ba yabo ba fallasa. Nas ta ɗiga mata magani tana ƙirga daƙiƙu.

"Kar ki ƙifta, Yaya Zaleha."

An gama ƙirga, ita tana nan ƙur da bango.

"To, ƙifta mana! Sai ka ce kifi."

"Shekara ashirin ina tantance ƙananan kayan waya. Wadda ta ƙifta, lalatacce ya wuce ta."

"Hawayenki sun kusa ƙafewa. Sai kin huta."

Ina jin gida guda ke ci daga idanun nan. Zaleha ta duba agogo.

"Ƙarfe biyu zan karɓi aiki."