Malam Jatau, Mai Kashe Na'ura Kafin a Hau

Da an sallame sallar asuba, Malam Jatau Kucheri zai ɗaure igiyar hawa a bayan babur. Yau Tsafe, gobe Bungudu, jibi ya komo Gusau, duk inda aka kafa dogon ƙarfen da ke aika maganar rediyo da ta tarho. Shekara ashirin da shida yana wannan zirga-zirga, ko kunu a tsaye yake sha.

Dokarsa guda ce: ba mai zuwa gaban faifan aika maganar da ke saman ƙarfen sai an kashe na'urarsa. Abin da faifan ke fitarwa ido ba ya ganinsa, amma yana gasa naman jiki. Shi kansa ya sha jin ɗuminsa a fuska tun yana sabon shiga, lokacin da ba wanda ya gargaɗe shi.

A daminar 1997 ya isa Bungudu, ya hango Yari mai fenti, magidanci mai 'ya'ya biyar, can sama dab da bakin faifai, na'ura na aiki.

"Wa ya ce ya hau?"

"Malam, daga Gusau aka ce kar a katse layi, manya na waya," in ji mai kula da tashar.

"Manya su jira."

Malam Jatau ya shiga ɗakin na'ura ya kashe da hannunsa. Yari ya sauko yana dafe da kai, ya ce ji ya yi kamar ya leƙa tanda. Layi ya yi awa biyu a katse. Takardar tuhuma ta biyo baya, ƙarin girman da Malam Jatau ke jira ya wuce shi.

Bana ya yi ritaya, yanar ido ta fara rufe masa na hagu. Likita ya ce wataƙila shekaru ne, wataƙila aikin ne, ba shi da tabbas. Rashin tabbas ɗin nan ne ya hana shi zama.

"Wanga mutum, ritayarsa a takarda take," in ji matarsa Inno. "Da ya ji za a hau ƙarfe, sai a nemi babur a rasa."

Malam, kai ne ka zaɓi lafiyar mai fenti a kan girmanka. Mun gode, Allah ya bar maka idon dama. Ku kuma da kuka gaje shi, in aka ce ku hau na'ura a kunne, ku ce a'a, ko wane ne a kan layi.