Isyaku Mudi da Dokar Wallahi

Isyaku Mudi Ƙarfi, an haife shi ran sha biyu ga watan Yuni na 1931, in an yarda da lissafinsa. Innarsa kuwa abin da ta tabbatar kawai shi ne ranar an yi ruwa, kuma ya iso duniya yana ihu. Kashi na biyu na wannan shaida babu wanda ya taɓa musa shi.

Manomin dawa ne, ya tashi a Ƙarfi, ya koma Funtua da zama. Sana'arsa ta biyu gardama. A nan ya kamata a bambanta kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa. Musu shi ne ka ce a'a. Gardama ita ce ka ce a'a da ƙarfi, ka kuma maimaita. Muhawara kuwa ita ce ka ce a'a, ka kawo dalili, sa'an nan ka yi shiru wani ya yi magana. Isyaku ya ƙware a biyun farko. Ko gaisuwa yake yi ana jin sa daga bayan tasha, kuma jimlarsa ba ta cika sai da "wallahi". Ya taɓa marin wani a kasuwar Bakori a kan ko akuya tana da haƙoran gaba na sama.

A 1963 mu malaman makaranta muka kafa ƙungiyar muhawara, muna taruwa ranar Asabar bayan la'asar a wani aji, ni ne magatakarda. Ƙuri'a ke zaɓar wa mutum ɓangaren da zai kare, ba ra'ayinsa ba. Wanda ya yi zagi a fili, ko ya ɗaga hannu, ko ya rantse, sai shugaba ya kaɗa masa ƙararrawa, ya faɗi ke nan. Wannan muke kira dokar wallahi, domin mun lura mutanenmu in dalili ya ƙare musu, sai su jawo rantsuwa ta tsaya a madadinsa.

Ba son ilimi ya kawo mana Isyaku ba. Ladidi ce ta turo shi, wata bazawara mai tuyar ƙosai a ƙofar makarantar, wadda yake nema da aure. A gabana ta ce masa, "Malam Isyaku, mijina na fari ma mai hayaniya ne, har yau kunnuwana ba su gama hutawa ba. Shiga wurin malaman nan. Ranar da aka yi muhawara da kai daga farko har ƙarshe ba ka rantse ba, ba ka mari kowa ba, ka turo magabatanka."

Ya ce, "Wallahi zan iya!"

Ta ce, "To, ka faɗi ta farko."

Duk ranin nan ƙararrawa ba ta huta ba. Wata rana ma tun yana gaishe da shugaba aka kaɗa masa ita. Har Ladidi ta fara sauraren wani direban babbar mota, ta kuma ce zama na gaba shi ne na ƙarshe.

Zaman na gaba kuwa gasa ce da ƙungiyar Malumfashi. Gwaninmu yana kwance da zazzaɓi, sauran kuma duk sun sami uzuri da suka ji wanda Malumfashi za su kawo, wato Malam Aƙilu. Wannan mutum bai cika cin gasa da dalili ba. Dabararsa ita ce, tun da masu muhawara biyu a benci ɗaya suke zama, sai ya riƙa raɗa wa abokin karawarsa baƙar magana a kunne, fuskarsa kamar mai tasbihi, har sai mutum ya fashe ya rantse. Isyaku kaɗai ya yarda ya fito.

Batun shi ne: noman auduga ya fi noman dawa amfani. Ƙuri'a ta ba Isyaku auduga, abin da ya tsana tun yana yaro. Na ja shi gefe na ce zan roƙi a yi musanye. Ya dubi bencin, ya tambaye ni inda mai goyon baya ke zama. Na ce a dama, mai suka a hagunsa. Ya ce, "Bar ta haka, Malam."

Ya miƙe ya yabi auduga da fuskar mai shan maɗaci. Ya ce, "Shugaba, kowa a ɗakin nan da auduga ya suturta jikinsa. Wanda ya yarda dawa ta fi, ya zo mana gobe sanye da kara." Aka yi dariya. Malam Aƙilu ya amsa cewa ba a taɓa tuƙa tuwon auduga ba, ya zauna ya kama ainihin aikinsa. Ina kusa, na ji komai. Ya fara da kunnuwan Isyaku, ya ce kamar faifai. Ya koma kan gonarsa. Daga nan ya ce ƙosan Ladidi ko jifan kare ba a yi da shi don tausayin karen.

Na rufe ido ina jiran mari. Isyaku ya juyo, ya yi murmushi, ya ce, "Madalla, Malam."

Aƙilu ya ƙara gishiri. "Madalla, Malam." Ya shiga dangi, har kakanni. "Madalla, Malam. Allah ya ƙara basira."

Can sai Aƙilu ya zabura tsaye, hularsa ta faɗi, ya ce, "Wallahi mutumin nan ba shi da zuciya!" Ƙararrawa ta yi ƙara. Daga bakin taga muka ji guɗar Ladidi.

Aka ɗaura aure bayan kaka. Shekara da shekaru ina kafa wa ɗalibai misali da Isyaku a kan yadda muhawara ke koya wa mutum haƙuri, shi kuwa ya zama mai sulhu a unguwa, kullum yana zaunar da mafi zafin masu rigima a hagunsa.

Da ya rasu na je gaisuwa, na maimaita wa Ladidi wannan yabo. Ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ni tun makon aurenmu na gane. In faɗa zan yi masa, ta hagu nake tsayawa, in zazzage cikina, a zauna lafiya. In cefane nake so, sai in zagayo dama. Bai taɓa gaya mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba."

Kunnen Isyaku na hagu ba ya ji ko kaɗan.