Makullin Babur ɗin Mma Humu

Duk wanda ya taɓa sayen kayan yaji a kasuwar Aboabo da ke Tamale ya san Mma Humu, in bai san sunanta ba ma ya san babur ɗinta. Ja ne, tsohuwar ƙira, da kwando ɗaure a bayansa, ƙamshin citta da kanumfari ya kama kujerarsa har wanki ba ya fitar da shi. A Tamale mace a kan babur ba abin kallo ba ce, amma ita ta fara hawa tun zamanin da ake tsayawa a kalla. Shekara talatin da biyar tana bin kasuwannin ƙauye, yau Kumbungu, jibi Tolon, rani da damina. Da wannan babur ta ciyar da 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta.

Shekara biyu da suka wuce, saura kwana uku Babbar Salla, wani rago ya tsinke igiya ya faɗo mata a titi. Ta kauce masa, ta faɗi, wuyan hannunta na dama ya karye. Tana kwance a asibiti ɗanta na fari, Fataw, ya zare makullin babur ɗin ya haɗa shi da makullan motarsa. Fataw ma'aikacin gwamnati ne a unguwar Kalpohin, mai son uwarsa da son bin tsari. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa. Ofisa take ce masa, ko tana jin daɗinsa ko tana jin haushinsa.

Hannu ya warke, makulli bai dawo ba.

"Ofisa, ina makullina?"

"Mma, shekarunki sittin da uku fa."

"Ragon nan shekararsa biyu, kuma shi ya yi laifi. Shi me ka ƙwace masa?"

Ya yi dariya, ya sauya magana. Haka ta koma hawan keke mai ƙafa uku, wanda ake kira yalo-yalo, ta bar wa wasu kasuwannin ƙauye. Kowace Juma'a idan ya zo gaishe ta sai ya ajiye makullansa a kan tabarma, nata yana ciki, tana kallonsa ba ta taɓawa.

Ana nan sai autarta Adiza ta haihu a Zanzibar, wani tsibiri da ke gabashin Afirka, inda kamfanin lantarki mai aiki da hasken rana ya tura mijinta. Dole uwa ta je wankan jego, Fataw ya ɗauki hutu ya raka ta. Mma Humu ta san sunan tsibirin tun tana budurwa, domin dillalai kan ce kanumfarin kirki daga can yake fitowa. Ta auna shi da cokali, ta auna shi da kwano, amma ba ta taɓa ganin bishiyarsa ba. Saboda haka da aka gama suna ta ce ba za ta bar ƙasar ba sai ta gan ta.

Surukinta ya nemo musu hayar babura biyu masu ƙafa huɗu, irin waɗanda ake shiga jeji da su, tare da jagora, wani dattijo ɗan tsibirin. Shirin shi ne a ratsa gonaki a ga kanumfari, sannan a gangara bakin teku. Mma Humu ta zagaya babur ɗin sau biyu, ta danna tayarsa da babban yatsa, ta ɗora hannu a kan sitiyari.

"Ki hau baya, Mma," in ji Fataw.

Ta ɗaura hular kwano a kan mayafinta, ta hau baya.

Sun bar kwalta suka shiga wata jar hanya tsakanin itatuwan kwakwa da ayaba. An yi ruwa da asuba, ganye sai ɗiga yake yi. Jagora yana gaba, ya sha wata kwana ya ɓace musu. Can suka iso wani kwari inda hanya ta rabu biyu: gefe guda ruwa ne kwance, ɗaya gefen laka ce shimfiɗe sumul tana sheƙi.

"Bi cikin ruwan," in ji ta.

"Mma, ba a san zurfinsa ba."

Ya bi laka. Tayoyin gaba suka nutse, ya danna totur da ƙarfi, na baya suka tona rami suna watso musu caɓi har wuya. Ya sake dannawa, babur ya ƙara zama.

"To, Ofisa, rubuta masa takarda, ko zai fito."

Ta sauka, ta ɗaure zane, ta jawo busassun rassan kwakwa ta cusa a ƙarƙashin tayoyin baya. Sa'an nan ta dube shi. Ya sauka, ya ba ta wuri.

Totur ɗin wannan babur ba murɗawa ake yi ba, da babban yatsa ake danna shi, kuma da hannun dama, hannun da ya karye. Ta gwada sau ɗaya, injin ya yi ƙara, zafi ya harbe ta har gwiwar hannu. Ba ta bari ya gani a fuskarta ba. Ta sa giyar baya, ta miƙe tsaye a kan matakan, ta danna kaɗan ta saki, ta danna ta saki, babur yana lilo gaba da baya kamar yadda take yi a hanyar Tolon cikin watan Agusta. A karo na biyar ya kama rassan ya fito da baya.

"Hau."

Fataw ya hau bayan uwarsa, abin da rabonsa da yi tun yana aji uku na firamare. Ta nufi ruwan kai tsaye, bai ko kai rabin taya ba.

"Inda ruwa ya kwanta ƙasa tana da tauri, shi ya sa bai shige ba," ta ce masa ba tare da ta waiwayo ba. "Mai sheƙin nan ita ce maƙaryaciya."

A tsallake suka tarar da jagora ya dawo nemansu, yana tafa mata yana kiran ta Bibi, wato kaka a harshensu.

Bishiyar kanumfari doguwa ce mai duhun ganye, 'ya'yanta a kai kore ne da ja-ja, ba baƙi ba. Jagora ya tsinko mata, ya ce a nan sunansa karafuu. Ta murje shi a tafin hannu ta shinshina.

"Ashe ja kake," ta ce wa ɗan kanumfarin. "Shekara arba'in muna tare ba ka faɗa mini ba."

Ita ta ci gaba da tuƙi, ba wanda ya yi maganar sauyi. Amma da suka hau kwalta za su gangara teku, sai hannunta ya kai ta gefen dama, alhali a Zanzibar hagu ake bi. Wata motar haya ta taso tana zabga oda, jagora yana ihu. Ta karkace cikin ƙiftawar ido, motar ta wuce da iska.

Suka isa bakin teku. Ta kashe injin, ta zauna tana kallon farin rairayi da shuɗin ruwa da kwale-kwale masu filafilai, amma ba su take gani ba. Ta san da hannunta ta ba Fataw hujjar riƙe makullinta.

Fataw ya sauka, da laka a wandonsa har gwiwa. Ya fito da makullansa, ya sa farce yana murza zoben har makullin babur ɗinta ya fita.

"A Tamale dama ake bi, Mma. Hannunki bai manta gida ba." Ya miƙa mata da hannu biyu. "Amma da hular kwano, kullum."

"Naka sharaɗin ke nan? Ga nawa: in za ka shiga ƙauye da damina, ka ɗauki direba."

Ta ƙulle makullin a bakin mayafinta tare da 'ya'yan kanumfari uku.

Bayan arba'in ta dawo Aboabo. Tayoyin babur sun sace, batir ya mutu, sai da makanike ya wuni a kansa. Tolon ta yi wa hannun nisa yanzu, ita ma ta yarda da haka. Amma ranar kasuwar Kumbungu, da hantsi, mata suka ji wata tsohuwar ƙara da suka sani, suka fara matsar da tirensu domin su ba ta wurinta.