Fakon da Kakanni Suka Hana Nomawa

Talata: Rijiyar Zaki zuwa Minjibir

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla, na rataya jakata na fito daga gidana a Rijiyar Zaki. Abin da ya fito da ni wayar yayata ce, Yaya Hansai, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Minjibir. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kada gobe a ƙi sayen gyaɗarsu a kasuwa. Ta ce san huɗar maigidanta, Malam Ado, ya faɗi a gona kwana shida da suka wuce, aka yi maza aka sa masa wuƙa. Yanzu kuma wani ƙurji ya fito wa Malam ɗin a hannu, baƙi ƙirin, amma ba ya ciwo. Na tsufa a aikin malamin dabbobi kafin in yi ritaya, kuma wannan "ba ya ciwo" shi ya tayar mini da hankali.

Adaidaita sahu ta kai ni tasha. Na karya da koko da ƙosai ina jiran mota ta cika, ba mu tashi ba sai bakwai saura kwata. Shinge ɗaya muka tarar a hanya, ɗan sandan ya leƙo, ya ga buhunan taki sun fi fasinja yawa, ya ɗaga mana hannu. Damina ta faɗi, ko'ina mutane ne a duƙe. Ƙasar nan gona ce jingine da gona, ko wurin ɗaure akuya ba a bari ba. Takwas da minti goma muka sauka a Minjibir.

Daga Minjibir zuwa ƙauyen

Wani ɗan acaɓa mai furfura a gemu ya ɗauke ni. Da na faɗa masa inda za ni, sai ya waiwayo.

"Ta'aziyya za ka, Alhaji?"

"Ta wa?"

"Mahaucin garin mana. Jiya da la'asar aka kai shi. Wuyansa ne ya kumbura, kwana uku ya ce ga garinku nan. Sun ce iska ce ta buge shi."

Minti ashirin da biyar muka yi a kan burji. A bakin garin ya tsaya, ya ce shi iyakarsa nan ke nan.

Na shiga da ƙafa. Rana ta fito sosai, amma garin tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba ƙarar daka, ba hayaniyar yara. Ta saman dangar kowane gida ina hango igiya, a kan igiyar an shanya nama sala-sala, ya yi baƙi, ƙuda na bi. Gida bakwai na wuce a jere, duk haka. A gefen juji na ga karnukan wani mafarauci guda biyu a mace, wuyansu a kumbure. Na ɗaga kai ina neman ungulu, sai na tuna rabon da in ga ungulu a ƙasar Kano an daɗe.

Malam Ado na zaune a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Tsakanina da shi akwai wasa, irin na ƙanin mata da mijin yaya.

"A'a, Habu likitan awaki! Wa ya kira ka? Mu nan mutane ne."

"Miƙo hannun in gani, Yaya Ado. Ai ba ka fi awakin jin magana ba."

Ya miƙo yana dariya. Ƙurjin na bayan hannunsa na dama, tsakiyarsa baƙi kamar an ɗana gawayi, gefensa ya tasa. Na tambaye shi yadda jinin san ya fita. Ya ce baƙi ne, har ta hanci, kuma ya ƙi daskarewa. Saifar fa? Ya ce bai taɓa ganin mai girmanta ba, shi ya riƙe wa mahauci ita ma. A nan na tabbata ciwon saifa ne, cutar dabbobi da ke kama duk wanda ya taɓa jini ko fata ko ɗanyen naman.

Naman kuwa watanda aka yi. Al'adar garin ce, idan dabbar mutum ta faɗi aka samu aka yanka, sai a kasa naman kashi-kashi, kowane gida ya ɗauki ɗaya ya ba da abin da ya sawwaƙa, don a rage wa mai ita asara. Wanda ya ƙi ɗauka, shi ne marar zumunci. Saboda haka ba gidan da ya ƙi.

Na ce masa ya tashi mu tafi asibiti yanzu. Ya ce Allah ya kiyaye ya bar gona a makon shuka saboda ƙurjin da ko ƙaiƙayi ya daina. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce masa taurin kansa ya fi na jaki. Ya ce in ci tuwo in huce. Na ci tuwon da miyar kuka, bayan na sa Yaya Hansai ta rantse ba nama a ciki.

Bayan azahar na ce a nuna mini inda san ya faɗi. Tafiyar minti goma ce gabas da gari. Wani fako ne da tsohuwar tsamiya a tsakiya, an huɗe rabinsa an shuka gero. A gefe akwai rami, inda aka haƙi ƙasar bulo da rani, ruwan sama ya taru a ciki. Na duƙa a bakin ramin, sai na ga farare-farare a jikin ƙasa. Ƙasusuwa ne, da ƙahoni, jere a kan juna, sun yi zurfin da ya kai tsayin mutum. Ko tsuntsu ɗaya babu a kan tsamiyar. Ban daɗe a wurin ba.

Laraba: ɗakin Inna Kulu, da benci ɗaya

Da safe hannun Malam Ado ya kumbura har gwiwa, ga zazzaɓi, amma yana neman hularsa zai tafi gona. Sai na shiga wurin mahaifiyarsa, Inna Kulu, tsohuwar da ido ya tafi amma kai na nan garau. Na gaishe ta, na tambaye ta labarin fakon.

Ta ce, "Mu dai mun taso ana cewa gidan aljanu ne. Amma surukina ya faɗa mini gaskiya ina amarya. Wata shekara shanu suka yi ta faɗuwa, jini na fita ta hanci. Duk wanda ya feɗe, ya bi su. Sai aka ja su da igiya aka binne a can, aka ce wa yara akwai mutanen ɓoye, don kada ƙafa ta taka."

"Inna, me ya sa ba ki faɗa wa Yaya Ado ba?"

"Ɗan nan, da aka raba gado, gonar da ta zo hannunsa ba ta ciyar da gida wata huɗu, shi ya sa ya shiga fakon. Na ce masa akwai aljanu, ya ce ya yi addu'a. Na ɗauka abin ya mutu a ƙasa tuntuni."

Na ce mata wannan cuta ba ta mutuwa a ƙasa, tana kwanciya ne ta jira a tono ta. Na ce idan ɗanta bai sha magani yau ba, ina tsoron ya bi mahauci. Ta sa aka kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Ado, in ni na haife ka, tashi ka bi Habu."

Ya ajiye fartanyar da ke hannunsa.

Babur biyu suka kai mu wani gari mai kasuwa, tafiyar minti arba'in, inda akwai ƙaramin asibiti. Sha ɗaya da rabi aka ba shi gado aka fara allura. Malamar asibitin ta ce a makon nan ta ga masu irin wannan ƙurji, ta ɗauka maruru ne, don ba wanda ya ce mata dabba ta mutu. Na fita na nemo malamin dabbobin yankin. Shi kuma ya ji labarin shanu sun faɗi, amma kafin ya isa an cinye su, kuma ba wanda ya ce masa mutum ya kwanta. Na nemo duba-gari, shi kuwa ya san ramin bulon sarai, har ya taɓa gargaɗi a kan sauro. Kowa na riƙe da guntun labari, ofisoshinsu kuwa ko jifa ka yi sai ta kai.

Na zaunar da su uku a kan benci ɗaya a gindin darbejiya, na saya musu fura, na ce ba mai tashi sai an haɗa zancen. Ni da ba ni da ko katin aiki yanzu, sai ga ni ina ba da umarni. Kafin la'asar sun sanar da manyansu, sun kuma yi alkawarin haɗuwa a ƙauyen da safe.

Alhamis: ƙauyen kuma

Ƙarfe tara muka isa. Mai unguwa ya tara mutane a ƙofar masallaci. Da aka ce a fito da naman a ƙone, sai wurin ya kaure. Wani ya ce almubazzaranci ne, wani ya ce an yanka da bisimilla. Liman ne ya raba gardamar, ya ce bisimilla ta halatta nama, amma ba ta ce a ci guba ba. Shi ya fara kwance igiyar gidansa.

Aka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiyoyi. Mata suka riƙa miƙo naman ta kan danga. Aka haɗa da fatar, da gawar karnukan, aka cinna wuta. Hayaƙin ya miƙe sama sak, ba iska ko kaɗan. A gefe guda malamin dabbobi na yi wa shanu da tumaki allura, malamar asibiti na duba hannayen mutane ɗaya bayan ɗaya, har ta ware waɗanda za a tafi da su. Yaya Hansai na ciki, don ita ta wanke kayan cikin san. Da yamma duba-gari ya sa aka cike ramin bulon, aka kewaye fakon duka da ƙaya, har da inda aka shuka. Ya ce ba noma, ba kiwo, ba ɗibar ƙasa.

Juma'a: gida

Na biya ta asibiti da hantsi. Kumburin ya fara saɓewa, zazzaɓin ya sauka. Na tsokane shi na ce ashe maganin awaki na yi wa mutane aiki. Bai yi dariya ba.

"Habu, an ce an sa wa gonar ƙaya."

"An sa, Yaya."

"Har yaushe?"

Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi, na san ba a zamaninsa ba, watakila ma ba a na 'ya'yansa ba. Ya juya fuskarsa bango.

Na samu motar ƙarfe biyu da rabi daga Minjibir, na shiga gida biyar saura minti goma. Na yi wanka da ruwan zafi, na ƙone takalman da na taka fakon da su. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ya kuma bar wa yayata mijinta. Ina gode wa ma'aikatan nan uku, da liman, da Inna Kulu, Allah ya saka musu da alheri, ya ji ƙan mahaucin da ban samu ganinsa ba.

Bayan kwana tara Yaya Hansai ta bugo ta ce an sallame su. Ta ce daga kan babur Malam bai shiga gida ba, fakon ya wuce. Geron da ya shuka ya tashi kore shar, duk garin ba mai kyansa. Tun daga ranar da suka dawo, kullum da safe yakan je ya tsaya a bakin ƙayar da fartanya a kafaɗa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tafi ƙwadago a gonar ƙaninsa.